Mun Je Wagadugu Neman Rabeka

Abin da ya fara ɗaukar idona wata takarda ce mai sheƙi da aka dunƙule aka cusa cikin gwangwanin fim, don kada naɗin ya yi ta karo da ƙarfe a hanyar Duwala zuwa Garwa. Na ware ta da fatan in ga hoton wata kyakkyawa, don a lokacin duk takardar da na tsinta haka nake mata. Sai na ga duwatsu, da bukkoki masu tsinin kai a kan tudu, da wani baƙin bijimin sa. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa za a yi bikin finafinai na ƙasashen duniya a Wagadugu, kuma cikin tsofaffin da za a nuna har da wannan, wanda wani Bature ya ɗauka a duwatsun Mokolo.

Shekaru sun ja, amma har yau in na zauna a bakin mahauta sai wani ya ce, "Hamisu, wai da gaske ne an kore ku daga sinima a ƙasar Mosi?" Na gaji da faɗa, kuma kowa in ya tashi maimaitawa sai ya ƙara nasa. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna.

Ni ɗan mahauci ne, amma ban taɓa shiri da wuƙa ba. Aikina a sinimar unguwarmu shi ne fassara. Da an kashe fitila sai in miƙe a gefen bencin talakawa in riƙa faɗa wa jama'a abin da 'yan fim ke cewa, da Hausa, ina sirkawa da Fulatanci. Ba na jin Indiyanci ko kalma ɗaya. Abin da na karanta a ƙananan littattafan soyayya na kasuwa shi nake sa musu a baki, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Mai injinmu Baba Matiyu ne, Kirista daga duwatsun Mokolo, gajere, ba ya dariya sai dole. Malam Soyayya yake ce mini. Na miƙa masa takardar don tsokana, na ce ga garinsu ya shiga jarida. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan gidan ƙanin babana ne," ya ce. "Ni na ɗaukar wa Baturen nan kaya shekarar bikin yankan sa. Shi na biyo zuwa Garwa har na koyi inji." Ya ɗora yatsa a kan hoton. "Rabeka tana ciki. Na ga lokacin da ya juya injinsa wajenta."

Rabeka matarsa ce. A shekarar nan ta rasu wajen haihuwar 'yarsu Marta, ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

"Kwanan baya yarinyar ta tambaye ni kamannin uwarta," ya ce. "Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga fuskar ta fara ɓace mini. In ban je ba, Malam Soyayya, shi ke nan, ni da ita duk mun rasa."

Na karanta irin wannan labari ya fi a ƙirga, amma ban taɓa ganin wanda yake zaune gabana yana warin man inji ba. Nan take na ce da ni za a. Maigidan sinima ya ba mu mako uku. Babana ya ce, "Yanzu ƙasa uku za ka keta don ka kalli bango?" Duk da haka ya cika mini jaka da kilishi, ya ce in na isa in nemi Alhaji Gambo mahauci a zango, unguwar Hausawa, tare suka yi kiwo suna yara.

Motar shanu da ta sauke kaya muka hau zuwa Yola. A kan iyaka wani jami'i ya zazzage jakar Baba Matiyu. Riga biyu, Littafi Mai Tsarki, almakashi, reza, da wata 'yar kwalba mai ruwa fari.

"Tsoho, giyar ogogoro za ka shigar mana?"

"Gam ne na haɗa fim, ranka ya daɗe."

Jami'in ya buɗe ya shaƙa da ƙarfi. Sai hawaye, sai tari, abokan aikinsa suna ta dariya. Baba ya zaro wani guntun fim daga aljihu, ya yanka shi biyu, ya kankare baki da reza, ya ɗiga gam, ya danne da babban yatsa. Can ya miƙa masa ya ce, "Ja." Jami'in ya ja, bai rabu ba. Da ya ɗaga guntun ga rana ya hango 'yar Indiya tana rawa, sai ya sa a aljihunsa ya buga mana hatimi.

A Kano na kusa ɓata tafiyar. Na shiga layin masu littattafai na manta da duniya, sai da Baba ya zo ya jawo ni ta wuyan riga, motar Maraɗi har ta fara gurnani. Kanawa kuwa da na buɗe baki sai su ce, "Bafillace, daga ina?" Ni da ake ce wa Bahaushe a Garwa tun ina goye. Daga Ƙonni zuwa Yamai a kan buhunan albasa muka zauna, warin bai bar rigata ba har muka dawo gida. Bayan mun haye Kwara muka shiga ƙasar Gurma, motar ta mutu kusa da garin Fada. Yini guda muka yi a gindin wata kuka. Wata tsohuwa ta kawo mana ruwan gero mai tsamiya a ƙwarya, ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata, amma ta tsaya a kanmu sai da muka shanye.

Ranar Alhamis da la'asar muka shiga Wagadugu. Jama'a, ban taɓa ganin kekuna irin na garin nan ba! Da babura ƙanana da suke kira mobilet, kuma yawanci mata ne a kai. Mace da goyo a baya, tire a ka, tana sheƙa gudu tana gaisawa da wata. A Garwa da mace ɗaya ta yi haka da an yi wata guda ana zancen. Na tsaya tsakiyar titi baki buɗe har wata ta kusa kwashe mini ƙafa, ta faɗi wata magana da Mosanci wadda na tabbata ba addu'a ba ce.

Alhaji Gambo ƙato ne mai murya kamar ganga. Da na faɗi sunan babana ya rungume ni har na ji ƙashina ya yi ƙara.

"Ɗan Ila! Har yanzu yana tsoron kura? Wannan kuma fa?"

"Abokin aikina ne, Alhaji. Kirista ne."

"Na tambaye ka addininsa? Baƙo yunwa yake ji. Ku kawo tuwo!"

Ya ba mu zaure da tabarmi biyu. Tuwonsu na farar dawa ne, ya fi namu tsami, miyar kuka kuwa kamar a gida. Bayan cin abinci Alhaji ya tambayi abin da ya kawo mu. Baba ya faɗa a taƙaice, ni kuma na faɗa da tsawo, har da hawayen da ba a yi ba. Kafin gari ya waye duk zango ya san labarin Rabeka.

Fim ɗinmu sai Talata, don haka muka sami kwanaki na yawo. Juma'a da sassafe Alhaji ya kai mu ƙofar Sarkin Mosi. Hakimai na zaune a ƙasa sahu-sahu, kowa ya cire hula, masu gaisuwa suna dukan ƙasa da hannu biyu. Sarki ya fito cikin jajayen kaya kamar mai shirin tafiya yaƙi. Aka yi ta roƙonsa, ya koma ciki, ya sake fitowa cikin farare, aka harba bindiga, kowa ya watse. Wai haka ake yi kowace Juma'a tun kakanni. Na tambayi dalili. Alhaji ya ce rikicin sarauta ne na dā, wani dattijo kuma ya ce a'a, matar sarki ce ta tafi ganin gida ba ta dawo ba, shi ne yake son bin ta. Ni dai na dattijon na ɗauka.

"Kowace Juma'a yana shiri bai tafi ba?" in ji Baba. "Ai matar ta gaji da jira."

Mun je unguwar maƙeran tagulla, inda suke siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin su zuba ƙarfe. Na sayi awarwaro ɗaya don masoyiyar da ban riga na haɗu da ita ba. Washegari kuwa na ɗauka na haɗu da ita. Wata ce a teburin bayar da tikiti, doguwa mai tabarau. Na zauna gefen titi na rubuta mata wasiƙa shafi biyu da Faransanci, na kwatanta idonta da Binuwai lokacin cikowa. Ta karɓa ta karanta har ƙarshe, ta zaro jan biro ta gyara kurakurai, ta miƙo mini. Ashe malamar makaranta ce.

Bikin kansa fa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Gari duk ƙyallaye da hotuna. Masu shirya fim daga Sanagal, Aljeriya, Masar da Nijar suna yawo a ƙasa kamar kowa, wani da lofe a baki, wani da babbar riga, suna gardama a gindin bishiya. Ni da na ɗauka fim daga Indiya da ƙasar kaboyi kaɗai yake fitowa! Da magariba muka kutsa wata sinima marar rufi irin tamu, mutane har kan katanga. Fim ɗin Nijar ne. Wata tsohuwa ta fito a bango tana yi wa ɗanta faɗa, sai na ji Hausa. Hausa sak, daga bango! Na dafa Baba na ce, "Ka ji? Ka ji?" Ya ce, "Na ji. Aikinka ya ƙare."

Ranar Talata da ƙarfe huɗu za a nuna namu, a wani zaure rufaffe mai kujerun laushi da fanka. Kusan rabin mahautan zango suka wanke hannu suka sa rigunan Juma'a suka biyo mu, kowa yana son ganin Rabeka. Muka cika layi biyu a baya. A gaba Turawa ne da manyan 'yan boko, wasu da littafi da biro a cinya. Abin da ban sani ba shi ne, a irin wannan wuri ana kallon fim ne kamar ana jana'iza. Ba mai tari. A Garwa kuwa in ɓarawo ya laɓe bayan jarumi, duk sinima ce ke ihu, "Waiga! Waiga!"

Aka kashe fitila. Ga duwatsun Mokolo, ga gonaki hawa-hawa, ga san da aka rufe a ɗaki ana kiwata shi don biki. Muryar Bature tana bayani da Faransanci.

"Ɗan Ila, me yake cewa?" in ji Alhaji Gambo. Shi a ganinsa raɗa ya yi.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Shekara shida, duk ranar Allah, fitila na mutuwa ƙafata na tashi. Na gyara murya na fara. Da farko abin da Baturen ke faɗa nake faɗa. Amma bayaninsa ba gishiri, sai na ga wani saurayi yana kallon wata mai daka, na ce, "Ya ke tauraruwar dutse, san nan da kike gani sadakinki ne!" Mahauta suka kwashe da shewa. Wani ya ce san bai kai yanka ba, wani ya ce ya kai, gardama ta tashi a kan nauyin cinyarsa.

Daga gaba aka fara "Shhh! Shhh!" Baba yana jan rigata yana cewa, "Zauna, Hamisu, don Allah zauna." Ni kuwa na ɗauka shewar yabo ce, na ƙara murya. Sai fitila ta kama. Masu gadi uku suka tsaya a kanmu, suka nuna ƙofa, layi biyun gaba ɗaya. Baba ya ce da su da ɗan Faransancinsa shi bai yi magana ba. Ba wanda ya saurare shi. Gwangwani na farko ma bai ƙare ba.

Na ruga wajen mai tabarau na tambaye ta yaushe za a sake nunawa.

"Sau ɗaya ne," ta ce. "Jibi da safe jirgi zai mayar da shi Faris."

Mahauta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Gambo ma muryarsa ta mutu. Muka kama hanyar zango, Baba a gaba ni a baya. Mutumin nan ya keta ƙasa uku a kan buhun albasa, ni na hana shi da bakina.

"Baba, ka zage ni mana. Ko ka mare ni."

Bai rage tafiya ba ya ce, "Ka ga yadda hoton ya yi tsalle sau uku?"

"Wane hoto?"

"Kai kana surutu, ni ina kallo. Mai injinsu gam ɗinsa ya ƙare, da salatif yake liƙi. In zafi ya bugi salatif sakewa yake yi. Kafin a gama bikin nan sai ya ji kunya a gaban manya."

Laraba da hantsi muka zaga ta bayan zauren, muka hau wani matsattsen tsani. Na shirya jawabin ban haƙuri mai sa dutse kuka. A bakin ƙofa Baba ya juyo ya ce, "In ka buɗe baki zan liƙe shi."

Mai injin wani Bamoshe ne, ɗan ƙasar Mosi, sunansa Tinga, siriri, gumi ya jiƙa masa singileti. Gwangwanaye jibge har rufi, a gabansa wani naɗi ya tsinke wuri biyu. Ya ɗago zai kore mu. Baba ya ajiye kwalbar nan a kan tebur, ya cire murfi. Tinga ya ji warin, ya dubi kwalbar, ya dubi Baba, sai ya matsa ya ba shi kujera.

Tun hantsi har azahar muna kan aiki. Baba yana ɓare salatif, yana kankarewa, yana haɗawa. Tinga yana miƙo masa naɗi bayan naɗi, ni ina juya hannun naɗewa. Wani lokaci Tinga ya shafa haɗin da yatsa ya kaɗa kai. Sai da aka gama na ƙarshe ya kawo mana burodi da kifin gwangwani, ya ce da Faransanci, "Tsoho, ku ne na jiya, ko? Me ya kawo mai hannu irin naka tun daga Kamaru?"

"Matata tana cikin gwangwani na biyu," in ji Baba. "Ta rasu."

Tinga ya ajiye burodinsa. Ya sauka ya kulle ƙofar zaure ta ciki, ya dawo ya ɗora naɗin a inji, ya ce mu je mu zaɓi kujerar da muke so. Muka zauna a layin gaba, inda Turawa suka zauna jiya, mu biyu kaɗai a zauren.

Fitila ta mutu. Ƙafata ta motsa, na danne ta da hannu. An fito da sa, ana busa ƙaho, maza na tsalle. Sai injin ya juya wajen mata masu kawo giya. Ta uku a layi, da tulu a ka, hannu ɗaya ya tallafe shi. Ta waigo gefe, ta yi dariya, ga wushirya. Numfashi uku, ta wuce.

Can Baba ya ce, a hankali, "Ni take yi wa dariya. Ina tsaye can gefe da batirin Bature a kaina, ya zame ya faɗo mini a ƙafa."

Tinga ya mayar da naɗin baya ya sake, ba tare da an roƙe shi ba. Sau huɗu Rabeka ta waigo. Da muka koma sama ya shimfiɗa wurin da Rabeka take a kan teburin fitila, ya ce hoto ashirin da huɗu ke wucewa kafin a ƙifta ido, kuma bai taɓa jin wanda ya zauna ya ƙirga su a Faris ba. Sannan ya ce ƙishirwa yake ji, ya fita.

Baba ya zaro almakashi.

"Yanke duka, Baba," na ce. "Taka ce."

"In na yanke duka na sake binne ta." Ya kara fim ɗin a fitila yana bi ɗaya-ɗaya, har ya kai inda dariyar ta cika. Ya cire biyu. Ya kankare, ya ɗiga gam, ya danne. "Bar ta ta je Faris. Ba ta taɓa wuce kasuwar Mokolo ba."

Da muka koma zango Alhaji Gambo ya yanka rago. Mahauta suka yi layi suna ɗaga ɗan guntun ga rana, kowa yana rantsuwa ya ga wushiryar, alhali fuskar ba ta fi ƙwayar gero ba. Baba ya bar wa Tinga sauran gam. Komowa ta ɗauke mu kwana tara, kuma a Kano shi da kansa ya raka ni layin littattafai ya tsaya yana jira.

A Garwa wani mai hoto ya yi kwana uku yana dabara kafin ya fitar da ita a takarda. Ta fito dishi-dishi, amma ta fito. Ina nan lokacin da Baba ya miƙa wa Marta. Ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta taɓa haƙoranta na gaba. Sai Baba ya nuna mata ƙasa da tulun, inda zanen ya ɗan tasa.

"Wata shida," ya ce. "Ga ki nan."

Idon Baba ya raunana bayan damina huɗu, hasken inji ya cinye shi. Ya koma dutse, can ya rasu. Marta ta auri wani masunci, da aka fara aikin madatsar ruwa suka koma Lagdo, tana sana'ar banda kifi. Bara na bi ta wurin. 'Ya'yanta uku, ta fari sunanta Rabeka. Hoton yana rataye a rumfarta cikin gilashi, hayaƙi ya sa ya yi ja. Ina zaune wata mai sayen kifi ta tambaye ta ko wace ce wannan mai tulu.

"Ni da uwata ne," in ji Marta, tana juya kifi a kan waya. "Sau ɗaya muka taɓa ɗaukar hoto tare."